Daɓen Tsakar Gida da Kafa Rumfa a Abuja: Abin da Doka Ta Tanada

A garuruwan ƙasar Hausa, tun kaka da kakanni, daɓen tsakar gida ba aiki ba ne da ake zuwa gaban hukuma dominsa. In damina ta wuce, mai gida ya sa a kawo masa marmara ko tsakuwa, matan unguwa su taru da madaɓansu, a yayyafa ruwan makuba, a yi ta bugu ana waƙa har ƙasa ta kwanta ta yi sumul. Haka nan in mutum ya so gina dakali a ƙofar gidansa, ko kafa rumfar zana domin shan iska, abin da yakan kula da shi kawai shi ne kada ya tare hanya, kada kuma rariyarsa ta zuba a gindin katangar maƙwabci. In rigima ta taso mai unguwa ya isa ya kashe ta, in ta fi ƙarfinsa a je gaban alƙali.

Mutane da yawa sun zo Abuja da wannan al'ada a zukatansu. Sai dai yanzu siminti da kankare da bulon intalok sun maye gurbin marmara, rumfar ƙarfe da kwano ta maye gurbin ta zana, birnin kuwa an zana shi a takarda tun kafin a aza tubali ɗaya. Saboda haka sau da yawa mutum yakan kashe kuɗi masu yawa wajen gyara harabar gidansa da zuciya ɗaya, ya wayi gari ya tarar an shafa wa aikin jan fenti, an liƙa masa takardar dakatarwa. Wannan ƙasida an yi ta ne domin mai gida ya san inda ikonsa ya tsaya, da irin aikin da ke bukatar izini, tun bai sayi buhun siminti ko ɗaya ba.

Ƙasar ta wane ce?

A ranar 3 ga Fabrairu, 1976, Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa Dokar Soja mai lamba 6, bayan ta karɓi shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Dokar ta keɓe Yankin Babban Birnin Tarayya, ta kafa Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya, watau FCDA, ta kuma danƙa dukkan ƙasar yankin a hannun Gwamnatin Tarayya. Tsarin Mulki na 1999 ya sake tabbatar da haka a sashe na 297. A shekarar 1979 aka kammala babbar taswirar birnin, wadda ta nuna inda tituna za su bi, da inda za a yi gidaje, da wuraren da za a bari ba gini domin itatuwa da ruwa. Gwamnati ba ta ƙaura daga Legas ba sai ranar 12 ga Disamba, 1991.

Ma'anar wannan ga mai gida ita ce, takardar da ke hannunsa izinin zama ce, wanda Ministan Babban Birnin Tarayya ya ba shi na wani wa'adi, galibi shekara 99 ga fulotin gidan zama, bisa sharuɗɗa. Ɗaya daga cikin sharuɗɗan shi ne ba zai yi gini ko ƙari a kan fulotin ba sai bisa zanen da hukuma ta amince da shi. Gidan nasa ne, babu ja. Zai zauna a ciki, zai ba da haya, magadansa za su gāje shi. Amma ya riga ya sa hannu a kan cewa zai bi tsari.

Dokar da ta fayyace yadda ake neman izini kuwa ita ce Dokar Tsara Birane da Yankuna, mai lamba 88 ta shekarar 1992. Abin lura a cikinta shi ne faɗin ma'anar da ta ba aikin raya fili. Ba ta tsaya ga ginin ɗaki ko bene ba. Ta haɗa da kowane aikin gini ko na injiniya da za a yi a kan ƙasa, ko a samanta, ko a ƙarƙashinta. Ta haɗa da sauya amfanin fili, da rushe gini, har ma da sare itatuwa. Wanda ya dubi wannan ma'ana da kyau zai ga cewa zuba kankare a fili, da haƙa magudana, da kafa ginshiƙan rumfa, duk suna iya faɗawa cikinta.

Ofishin da ke riƙe da wannan aiki a Abuja shi ne Sashen Kula da Gine-gine, wanda mazauna birnin suka fi sani da sunansa na Turanci, Development Control. Yana ƙarƙashin Majalisar Kula da Birnin Abuja, AMMC, a cikin Hukumar Gudanar da Babban Birnin Tarayya. Shi ke duba zane, shi ke ba da izini, shi ke kuma tura ma'aikata su zaga unguwanni.

Wane aiki ke bukatar izini?

Tambayar da jama'a suka fi yi ke nan, amsarta kuwa tana cikin wata takarda da masu gidaje da yawa suka jefa a akwati suka manta, watau taswirar fulotin da aka amince da ita lokacin da aka ba da izinin gina gidan. A cikinta an nuna inda ginin zai zauna, da tazarar da aka bari tsakaninsa da katanga ta gaba da ta baya da ta gefe, da wurin ajiye motoci, da hanyar ruwa, da filin da aka bari domin shuke-shuke. Wanda ya shimfiɗa intalok a wurin da taswirar ta nuna hanyar mota ce, aikin da aka riga aka yardar masa yake yi. Wanda daɓensa ya tsage ya kira birkila ya sabunta shi yadda yake a da, gyara ya yi, bai ƙara wa fulotin kome ba.

Magana tana sauyawa ne in aikin ya saɓa wa taswirar. Alal misali, mutum ya tumɓuke ciyawa da itatuwa ya zube filin duka da kankare daga katanga zuwa katanga. Ko ya ta da dandamali mai tsawo wanda ya sauya inda ruwa ke gangarawa. Ko ya aza rufi. Rufi shi ne iyaka mafi bayyana. Da zarar an kafa ginshiƙai an ɗora kwano, abin ya tashi daga daɓe ya zama gini, ko da babu bango ko ɗaya. Gini kuwa ana lissafa shi cikin rabon fulotin da aka yarda a rufe, ana kuma auna tazararsa daga katanga. Rumfar da aka jingina da katangar maƙwabci ta cinye tazarar da aka bari domin iska da haske, da kuma domin masu kashe gobara su sami hanyar zagayawa. Ma'aikata kuma sun daɗe da sanin tarihin irin waɗannan rumfuna: bana rumfar shan iska ce, baɗi an kewaye ta da bulo, shekara ta uku ta zama shago ko ɗakin haya. Abin da ya sa ke nan ba sa kallonta da wasa.

Tsakanin waɗannan iyakoki biyu akwai ayyuka ƙanana da mutum zai yi shakkar inda suka faɗa. A nan ba maganar birkila ko ta maƙwabci ce hujja ba. Mai gida ya rubuta wa Sashen wasiƙa, ya haɗa da kwafin taswirarsa, ya nuna da alƙalami inda yake so ya yi aikin da faɗinsa, ya tabbata an buga wa kwafinsa hatimin karɓa. Matambayi ba ya ɓata. Amsar baka da aka samu a bakin ƙofar ofis ba ta kare kowa ranar da wani ma'aikaci dabam ya zo zagaye.

Filin da ke wajen katanga

Nan ne aka fi yin kuskure, nan ne kuma aka fi yin asara. Tsakanin katangar gida da bakin kwalta akwai fili wanda mai gida ke sharewa kullum safiya, har ya ɗauka nasa ne. Ba nasa ba ne. Iyakar fulotinsa ita ce duwatsun siminti da safiyo ya kafa, waɗanda lambobinsu ke rubuce a takardar awon fulotin. Abin da ya wuce su na titi ne. A unguwannin da aka gina wa cikakkun kayan aiki, kamar Garki da Wuse da Maitama da Asokoro, ta ƙarƙashin wannan filin ne bututun ruwan sha da na ƙazanta da wayoyin lantarki da na sadarwa suke bi, a samansa kuma akwai hanyar masu tafiya da ƙafa da itatuwan da hukuma ta dasa.

Wanda ya zuba kankare a nan domin motocin baƙi, ko ya gina dakali, ko ya cike lambatu domin motarsa ta hau da sauƙi, ya yi gini a filin da ba shi da takardarsa. Ranar da bututu ya fashe, Hukumar Ruwa za ta fasa aikin ta haƙa, ba ta da alhakin mayar masa da shi. In ana bukatar hanyar shiga gida ta tsallake lambatu, sai a nemi izini, a yi ta da murfin da za a iya ɗagawa domin yashe lambatun.

Ko a cikin katanga ma akwai abin dubawa. A wasu fulotai bututun ƙazanta na hukuma yana ratsawa ta baya ko ta gefe, da ramin dubawa mai murfin ƙarfe. Masu gidaje da yawa suna ganin murfin ya ɓata kyan tsakar gida, sai su sa a binne shi ƙarƙashin daɓe. Bututun yana kwasar ƙazantar gidaje da yawa zuwa matatar Wupa. In ya toshe, ma'aikatan Hukumar Kare Muhalli ta Abuja ba su da ƙofar shiga sai wannan ramin; in ba su same shi ba, ƙazantar za ta nemi wata mafita, sau da yawa kuwa a banɗakin gidan da ya fi gangare take ɓullowa.

Ina ruwan zai tafi?

Wannan ita ce babbar hujjar dokar, ita ce kuma wadda jama'a suka fi rainawa. Wanda ya taso a Sakkwato ko Katsina bai saba da irin ruwan Abuja ba. Damina a nan tana farawa wajen watan Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba, ruwan da ke zuba a shekara kuma ya haura milimita 1,100, wani wuri har 1,600. Ga shi ƙasar tuddai ce da kwaruruka, ruwa ba ya tsayawa shawara.

A yi lissafi mai sauƙi. Tsakar gida mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10, in aka yi ruwa na milimita 50 a dare ɗaya, ruwan da ya sauka a kanta lita 5,000 ne, watau cikin ganga 25 mai lita 200. In ƙasa ce da ciyawa, za ta sha wani kaso, ta kuma rage wa sauran gudu. In kankare ne, kusan duka zai fita ta rariya cikin 'yan mintoci. Gida ɗaya ba kome ba ne. Amma in gida ɗari a layi ɗaya suka yi haka, lita 500,000 ce za ta faɗa wa lambatun da injiniya ya auna bisa zaton cewa kowane fuloti zai bar wani sashe a buɗe. Mutumin da ke kan tudu ba zai ga sakamakon ba. Na cikin kwari shi zai kwana yana kwasar ruwa.

Mazauna Abuja sun ga abin da ruwa ke yi in aka ƙuntata masa. A watan Yuni na 2023 ambaliya ta mamaye rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe, ta shanye gidaje da motoci, har Hukumar Gudanar da Babban Birnin Tarayya ta ayyana wurin a matsayin yankin da bala'i ya shafa. Unguwar Lokogoma ma ta sha irin wannan. Babban dalili a wuraren nan shi ne gine-ginen da aka yi a kan hanyar ruwa, ba daɓen tsakar gida ba. Amma kowane fili da aka rufe a sama yana ƙara wa ruwan da ke isa kwari yawa da sauri.

Ba Nijeriya kaɗai ke fama da wannan ba. A Ingila, bayan ambaliyar shekarar 2007, gwamnati ta sauya ƙa'ida daga watan Oktoba na 2008: duk wanda zai rufe filin gaban gidansa fiye da murabba'in mita 5 da abin da ruwa ba ya ratsawa, sai ya nemi izini, sai fa in ya karkata ruwan zuwa ciyawa ko lambu a cikin gidansa. Murabba'in mita 5 kuwa bai kai wurin tsayuwar mota ɗaya ba.

Saboda haka mai neman izini zai sauƙaƙa wa kansa in zanensa ya amsa tambayar ruwa tun ba a yi masa ita ba. Intalok da aka jera a kan yashi da tsakuwa yana barin wani ruwa ya nutse ta tsakanin bulo, muddin ba a zuba kankare a ƙarƙashinsa ba, ba a kuma like tsagoginsa da siminti ba. Barin fili a gindin itatuwa da gefen katanga yana taimakawa ƙwarai. Magina sukan ba daɓe ɗan gangare, wajen santimita 2 a kowace mita, ya nufi nesa da ginin, su kuma bar shi ƙasa da daɓen ɗaki da kamar santimita 15 domin kada danshi ya hau bango. Ruwan ya fita zuwa lambatun titi. Kada a huda katangar maƙwabci, kada kuma a haɗa shi da bututun ƙazanta, domin a tsarin Abuja hanyar ruwan sama dabam take, ta ƙazanta dabam. In aka gama su, ramukan dubawa sukan yi ta amai a kan titi duk lokacin da aka yi ruwa mai ƙarfi.

Akwai kuma riba ga mai gidan kansa. Kankare yana shan zafin rana ya yi ta fitar da shi da dare, duk wanda ya kwana a irin wannan gida cikin watan Maris ya san haka. Rijiyoyin burtsatse da unguwanni da yawa suka dogara da su kuwa, ruwan saman da ya nutse ne yake ciyar da su.

Yadda ake nema

Ana rubuta takardar nema zuwa ga Daraktan Sashen. Ana haɗawa da kwafin takardar mallakar fulotin, da takardar awonsa wadda ofishin AGIS mai kula da bayanan filaye ke bayarwa, da izinin ginin farko tare da zanensa, da shaidar biyan kuɗin ƙasa. Sabon zanen, mai zanen gine-gine da ke da rajista da hukumar ARCON ne zai yi shi ya buga hatiminsa. In akwai ginshiƙai da rufi, ko bangon tare ƙasa a fuloti mai gangare, sai injiniya mai rajista da COREN ya yi lissafinsu ya sa hannu. Ma'aikata za su zo su duba wurin, a yanka kuɗin da za a biya. A banki ake biya, cikin asusun gwamnati, a karɓi rasit. Duk wanda ya ce a ba shi a hannu zai gama kome, ba aikin hukuma yake yi ba, kuma takardar da zai kawo ba za ta kasance a fayil ba.

Dokar 1992 ta ce izini yana aiki na shekara 2. Wanda bai fara aiki cikin wannan wa'adi ba sai ya koma a sabunta masa. Ta kuma ba wanda aka hana, ko aka ɗora masa sharaɗin da bai gamsu da shi ba, damar ɗaukaka ƙara zuwa kotun musamman ta tsara birane.

Ɗan haya ba shi da ikon nema da sunansa, sai da hannun mai gida. Mazaunin rukunin gidaje ya fara tuntuɓar kamfanin da ya gina rukunin, domin taswira ɗaya ce aka amince wa rukunin baki ɗaya, filin da ke gaban gidansa kuma wataƙila a cikinta an rubuta shi hanya ko wurin wasan yara. Mazauna Kubwa da Karu da Nyanya da Gwagwalada da Kuje su sani dokar Babban Birnin Tarayya ta shafe su. Amma Mararaba da Masaka suna Jihar Nasarawa, Suleja da Madalla suna Jihar Neja, hukumomin jihohinsu za su nema. Haka na Kano ya je KNUPDA, na Kaduna ya je KASUPDA.

In an riga an yi aikin

Sashen yakan fara da takardar dakatar da aiki, da jan rubutu a jikin katanga. Daga nan sai takardar da ke umartar mai gida ya gyara ko ya cire abin da ya yi cikin wa'adi, sa'an nan sanarwar rushewa. Waɗanda suka zauna a birnin tsakanin 2003 da 2007, zamanin Minista Malam Nasiru el-Rufa'i, sun ga yadda aka rushe manyan gine-gine da aka aza a kan bututun ƙazanta da filayen shaƙatawa, balle rumfa. Abin da aka gina ba izini ba a biyan diyyarsa.

Wanda ya sami takardar farko kada ya shafe jan fentin ya ci gaba da aiki cikin dare. Yin haka sabon laifi ne a kan na farko. Ya sallami leburori, ya tattara takardunsa, ya tafi ofishin da aka rubuta a takardar kafin wa'adin ya cika. In aikin yana cikin iyakar fulotinsa, bai hau kan bututu ba, bai cinye tazara ba, akwai hanyar gabatar da zanen abin da aka gina domin a duba, a biya tara, a daidaita shi. In kuwa a filin titi yake, ko a kan ramin dubawa, ko a ƙarƙashin babbar wayar lantarki, babu zanen da zai halatta shi. Gara mai gida ya kira birkilansa ya kwance shi a hankali, domin bulon intalok da ƙarfen rumfa da aka cire da hannu ana sake amfani da su, waɗanda katafila ta bi ta kai kuwa sai bola.